Tukunya Biyu

A gidanmu na Gwammaja tukunya biyu ake ɗorawa.
Ƙaramar ta Baba Sallau ce, lami,
tun ranar da na'urar asibiti ta matse masa dantse,
likita ta dubi lambar, ta dube shi,
ta ce hawan jini ne, a sallami gishiri da dunƙule.
Mutumin da ya shekara talatin a Kurmi
yana fasa kantu, yana auna wa gari ɗanɗano.

Na ga yadda yake juya loma a miyar kuka
kamar mai neman allurar da ta faɗa rijiya,
sai na ja tabarmata kusa da tasa,
na ce daga yau kwanonmu ɗaya.
Wata guda muna cin lami tare.

Ni kuwa ina idar da asuba nake ɗaure takalmi.
Dala a bayana, Goron Dutse, Kabuga,
titin Gwarzo ya miƙe ba ya duban kowa,
har Janguza, in taɓa allon, in juyo.
Bazara ce. Ƙarfe takwas kwalta ta fara numfashi.

Ran Asabar ɗin, ruwan leda tara na sha.
Na ƙirga. Duk yaron da ya miƙo, na karɓa,
don an ce ruwa ba ya laifi.
A Rijiyar Zaki agogo ya fara cizon hannuna,
yatsu suka kumbura kamar rogo,
ciki na ƙugi, kai na lilo,
sha-raɓa ta ɗaure tamau kamar an zarge ta da igiyar guga.
Gaban rumfar mai faci na zube,
tayoyi suna kallona da manyan idanu.

Tanimu, mai horar da mu, ya jingine kekensa.
Bai yi faɗa ba. Ya kama bayan rigata ya juyo mini da ita:
fari fat, zane a kan zane,
kamar bakin kududdufi bayan ruwa ya janye.
Ya ce, wannan daga ina kake zaton ya fito?
Awa uku kana biyan titi haraji,
ka mayar da ruwa, ba ka mayar da abokinsa ba.

Na tuna abin da Baba ke faɗa a rumfa,
gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana,
ran da ruwa ya zo, shi ke jin kunya.
Ashe a cikin jinina aka yi wannan ranar.

Ya yage ƙullin gishiri da sukari a gora,
ya ce kurɓa, kada ka kwankwaɗa.
Sannu a hankali titi ya daina juyawa.
A Adaidaita na koma gida, takalmi a cinya.

Ba na ƙara gishiri a zancen nan.
Abu guda ne, a tafin hannu bai kai ƙwayar gero ba,
ana ɓoye wa uba, ana aunawa ɗa.
Na koma wajen likitar Baba da rigar a leda,
ta yi dariya, ta ce kai ma ba lasisi na ba ka ba,
ranar doguwar tafiya daban, ranar zama daban.

Yanzu Ladidi ta koma ɗora biyu.
Jiya kafin ta jiƙa wanki
na ga Baba ya tsaya gaban igiya,
ya goga yatsa a kafaɗar rigata,
ya kai harshe, ya lumshe ido.
Ya ce, mai kyau ne, ba gauraye.
Ni ana ƙirga mini ƙwaya,
kai kana zubar da shi a titin Gwarzo.

Ya koma ya zauna gaban kwanonsa.
Ya matsa lemon tsami, ya yi bismilla.